Ragon Sunan Motar Alhaji Barau

Da Zayyanu ya dawo Tudun Kanya, bayan shekarun da ya kwashe yana gararamba tsakanin Agadas da Kwatano, bai tarar da komai a inda ya bar shi ba. Kanyar da garin ya ci sunanta an sare ta, an kafa gidan mai a gurbinta, gidan man kuma babu mai. Rijiyar kasuwa an rufe ta da kankare, kowa ya koma tsotson ruwan leda yana yar da ledar a ƙofar maƙwabcinsa. Filin da suke buga ƙwallo an yanka shi shaguna, duk waya suke sayarwa, masu sayarwar sun fi masu saye yawa. Abokan da ya bari da gajeren wando sun ajiye tumbi, kowanne ya zama shugaban wata ƙungiya wadda shi kaɗai ne ɗanta. ’Yan matan da yake jin nauyin gaisarwa sun zama iyaye, ’ya’yansu na ce masa Kawu. Inna, kakarsa da ta raine shi tun rasuwar ubansa, ta rasu ba ya nan, ɗakinta kuma an shaƙe shi da tayoyi. Baffansa kuwa, Alhaji Barau, wanda ya bari yana jigilar hatsi da manyan motoci, yanzu cewa yake shi maƙerin mota ne.

Ƙirar ga yadda take. Akwatuna ake saukowa da su daga ƙasar waje, kanikawa su ɗaɗɗaure noti a wata rumfar kwano bayan tasha. Ƙarafan da suka ragu a gindin akwati, waɗanda aka rasa inda za su shiga, sai a zuba a buhu a ce gyara ce masu kaya suka yi. Haka aka haɗa ta farko, ’yar ƙaramar akori-kura mai koren fenti, wadda ƙofar direbanta ba ta rufuwa sai an ɗaure da roba. Zayyanu, da ya ci shekaru yana koro motoci daga bakin teku, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa.

To, wani ya gaya wa Alhaji cewa wani ya ji a rediyo wai akwai Baturen da ya sa wa mota sunan ’yarsa, sunan ya zagaye duniya. Alhaji ya ce shi ba zai ba ’ya wannan girma ba alhali yana da uwa. Sunan Inna za a sa wa motar, sunanta na yanka, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a goshin kowace mota da za ta fito daga rumfar. Kuma ba a ɓoye za a yi ba, suna za a yi sosai, da rago da goro da liman.

Sunan nan kuwa babu mai faɗinsa a gidan. ’Yar Alhaji da aka mayar wa shi, Ummi ake ce mata tun ranar da aka raɗa, don kada wata rana a yi mata tsawa a haɗa da tsohuwa. Ko ranar da mai fenti ya zo, Alhaji bai iya furta shi ba, cewa ya yi a shiga gida a tambayo sunan Ummi na gaskiya. Matan gida suka ce su ba za su kama sunan surukarsu ba. Sai da aka je ƙarshen unguwa wajen wata tsohuwa, ƙawar Inna, ita ta faɗa, ta kuma tambaya ko lafiya.

Ana gobe suna, bayan la’asar, Zayyanu ya sami baffansa a zaure, ya tsuguna, ya fara cewa shi dai ya zauna a tasha, ya san irin bakin da ke can. Alhaji bai bari ya kai ƙarshe ba.

Ya ce, “Kai Na-Kwatano, wanda ya yi shekaru a duniya ya dawo da jaka ɗaya da tari, ba shi zai koya mini yadda ake yin suna ba. Gobe ka riƙe mini igiyar rago, shi ne daidai iliminka.”

Gari ya waye aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka lulluɓe goshin motar da farar shadda. Sanƙira ya kama kirari tun bai karya ba. Liman ya aiko cewa mura ta kama shi, aka aika wa na’ibinsa, shi ma aka ce ya tafi duba gona. Jama’a suka zauna jira, hantsi ya ɗaga, Zayyanu na tsaye riƙe da igiyar wani farin rago mai murɗaɗɗen ƙaho, yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ana nan sai ragon ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Sanƙira ya haɗiye sauran kirarinsa ya koma bayan kujeru. Alhaji kuwa, da yake ya saba da jin maganar irin waɗanda ke kwana a ƙofar gidansa, bai ga wani abin razana ba, ya amsa.

Rago ya ce, “Allah ya ƙara wa Alhaji girma. Ba roƙon rai zan yi ba, ragon da ya tsallake yau layya na jiransa. Tambaya ce da ni. Ina jinjirin da za a yanka ni dominsa?”

Aka nuna masa mota. Ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi baƙin man da ya taru a ƙarƙashinta, ya ce kakanninsa an yanka su don ’ya’yan malamai da ’ya’yan manoma, shi ne na farko a zuriyarsu da zai mutu don abin da tun ba a raɗa masa suna ba ya fara jiƙa shimfiɗa. Ya ce amma wannan ba komai ba ne, abin da yake ji wa Alhaji tsoro shi ne abin da ya sami Jatau maƙeri.

Alhaji ya gyara zama ya ce, “Me ya sami Jatau maƙeri?”

Rago ya ce a can arewa, a wani birni da ake kira Gwadabe, an yi wani maƙeri Jatau. Shi maƙeri ne na gaske, ba mai buɗe akwati ba. Daga garma ya koma amalanke, daga amalanke ya yi ta dukan ƙarfe har ya fitar da mota wadda ke hawa tudu da kaya ba ta nishi. Yana da ’ya guda, Sahura, wadda ba ya iya cin abinci sai tana kusa. Da motar ta kammala sai ya ce sunan Sahura zai sa mata, don sunan ’yarsa ya je inda ƙafarta ba za ta taɓa zuwa ba.

Jatau na da yaya mace, Ladingo, wadda ta yi aure a garuruwa ta ga duniya. Da ta ji labari ta ɗauki mayafinta ta same shi a maƙera, ta ce a dakatar da zuga tana da magana. Ta ce ita ba ta zo hana shi ba, gemunsa ya wuce a hana shi, amma ya sani yana shirin yi wa yarinyar nan irin girmamawar da Madugu Maikano ya yi wa malaminsa.

Jatau ya ajiye masaba ya ce, “Yaya, wace girmamawa ce Madugu Maikano ya yi wa malaminsa?”

Ladingo ta ce a zamanin da ake fataucin goro da jakuna, an yi wani madugu Maikano, wanda duk abin da ya zama a duniya albarkar malaminsa ce, Malam Nomau. Shi ya koya masa karatu, shi ya yi masa addu’a ranar da ya fara fita. Da Maikano ya bunƙasa sai ya rasa abin da zai saka wa malam da shi, don malam ba ya karɓar riga ba ya karɓar doki. Rannan ya sayi wani ƙaton farin jaki da babu kamarsa a ayari, ya ce ya sa masa suna Nomau, don kullum ya kira shi ya tuna da malaminsa. Shi kam bai taɓa ɗaga masa sanda ba, da hannunsa yake ba shi dusa.

Amma madugu a gaba yake tafiya, masu kora a baya suke, kowanne da sandarsa da yunwarsa. Jaki kuwa fari ne ko baƙi, jaki ne. In an zo rafi ya turje, in an zo yashi ya kwanta da kaya. Masu kora su hau shi da duka suna kiran sunan, suna haɗawa da uwa da uba da kakanni. Tun ana yi a daji har aka saba a zango, har ya zama duk hanyar Gwanja in yaro ya yi taurin kai sai a ce masa Nomau.

Wata shekara ayari ya biyo ta garin malam. Malam na zaune a gindin ceɗiya da manyan ɗalibansa, masu gemu, ana tsakiyar karatu, sai farin jaki ya zaɓi daidai nan ya gurfana. Masu kora suka yi abin da suka saba, da muryar da suka saba. Ɗalibai suka sunkuyar da kai, wasu kafaɗunsu na rawa. Can sai ga madugu ya sauko daga doki da huhun goro, ya zube gaban malam yana gaisuwa. Malam ya tambaye shi wane ne ake wa wannan ruwan ashar. Maikano ya washe baki ya ce ai don girmamawa ne ya sa wa mafi kyawun jakunansa sunan malam.

Malam ya rufe littafi ya ce, “Ka kyauta, Maikano. Ka ɗauki girmana ka ba jaki ajiya, ka ɗauki sanda ka ba barorinka. Nan gaba in ka so girmama ni, ka zo ka gaishe ni ka wuce.”

Ladingo ta gyara mayafi ta ce wa ƙanenta, “Kai za ka raɗa sunan, Jatau, amma ba kai za ka riƙa kiransa ba.”

Rago ya ce Jatau dariya ya yi. Ya ce jaki dabba ne, ƙarfe kuwa ba ya taurin kai, mata ba su san ƙira ba. Aka rubuta Sahura a goshin mota, da na duk wadda ya ƙera bayanta.

Da farko abin gwanin sha’awa. ’Yan mata na sa sunan a waƙar gaɗa, yarinya na tafiya ana nuna ta. Amma mota tsufa take yi, kuma ba a hannun wanda ya ƙera ta take tsufa ba. Wanda ya saya ya sayar, wanda ya saya a wajensa ya sayar, har ta kai hannun mutanen da ba su taɓa jin an ce Jatau ba. Aka loda mata shanu, aka loda mata itace, aka loda mata taki. Ta mutu a rana direba ya harbi taya ya zage ta. Ta kafe a taɓo fasinjoji su sauko da fararen kayansu suna turi suna tsine wa Sahura da wanda ya haife ta. Da wata daga cikin motocin ta faɗa gada da ’yan biki, matan da suka rasa ’ya’yansu ba su kira direba ba, ba su kira gada ba, sunan da ke goshin motar suka yi ta kira a gidajen makoki.

Sahura ta girma cikin wannan. In ta shiga kasuwa yara su biyo ta suna kwaikwayon kukan inji, wani ya ce a taimaka a tura. Matan Gwadabe suka daina sa wa ’ya’yansu sunan, masu shi tun da can suka koma amsa laƙabi. Daga ƙarshe ta tattara ta koma dangin uwarta, ta ɗauki wani suna, ta yi aure da shi, ta haihu da shi. Da Jatau ya tsufa ya yi tattaki ya je ganinta, ya tsaya a ƙofar gida ya kira ta da sunan da ya raɗa mata. Tana ciki tana ji, ba ta amsa ba. Jikokinsa ne suka fito suna dariya, suka ce wa tsohon in mota yake nema, tasha na can gaba.

Rago ya ce, “Ni da nake ba ka labarin nan, a cikin gawar wata Sahura aka haife ni, a bayan gari, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Jatau ya so sunan ’yarsa ya daɗe, ya kuwa daɗe. Yana can a bola tsatsa na cin sa. Kuma ka tuna, Alhaji, motar Jatau ƙofarta na rufuwa.”

Alhaji ya taune goron bakinsa, ya ce wannan duk labarin mutanen da ne, marasa tsari. Shi doka zai kafa, duk direban da ya zagi motarsa a ƙwace makulli. Sanƙira ya leƙo daga bayan kujeru ya ce wannan haka yake, ba a taɓa hikima irin wannan ba. Rago ya tambaya ko dokar za ta bi motar har Kwatano, ko kuwa Alhaji zai riƙa zama a bayan kowace mota da bulala. Sannan ya ce a bar dogon zance, ga hanya mai sauƙi. Wanda ke riƙe da igiyarsa ya yi kamasho a tashoshin duniya, ya san yadda ake kiran fasinja. A ce ya yi wa motar lodi yanzu, a gaban jama’a, kamar yadda za a yi mata gobe. In ya gama ya nuna yadda ake mata magana ranar da ta mutu a tsakiyar daji. In kunnen Alhaji ya ɗauka, a kawo wuƙa.

Alhaji ya dubi jama’a, ya ga duk shi ake kallo. Ya ce a yi mana, me za a fasa.

Zayyanu ya ɗaure igiyar a ƙafar rumfa. Yana tafiya wajen motar yana tuna Inna, yadda take ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin faifai, yadda ta raka shi har bakin kanya ranar da zai tafi ba ta ce kada ya tafi ba. Bai taɓa jin sunan nan a bakin kowa ba sai a raɗa. Ya fizge shaddar, rubutu ya bayyana, ja a kan kore. Ya taka taya ya ɗare bodi, ya tura hula ƙeya, ya bubbuga ƙarfen da tafin hannu yadda ’yan kamasho ke yi. Ya buɗe murya irin ta tasha, wadda ba ta san babba ba, ya kira Kasuwar Laraba, ya ce saura mutum ɗaya, a matsa a gyara, mai akuya ya hau sama. Sannan ya ja numfashi, ya nuna goshin motar, ya buɗe baki.

Babu wanda ya san Alhaji Barau na iya gudu sai ran nan. Da tumbinsa da babbar rigarsa ya tsallake kujera, ya kama ƙafar Zayyanu ya jawo shi ƙasa, ya toshe masa baki da hannu biyu.

“Kai, uwata ce!”

Da ya sake shi, Zayyanu ya goge bakinsa, ya tsuguna kamar yadda ya yi jiya a zaure. Ya ce, “Baffa, ni jikanta ne, kuma da alwalata. Wanda zai kira gobe bai san ta ba, kuma ya sha abin da ya sha.”

Shi kansa bai san ko harshensa zai yarda ya faɗa ba, da ba a tare shi ba. Bai kuma so ya sani ba.

Alhaji ya daɗe a tsaye yana haki, yana kallon jan rubutun. Can ya cire hularsa ya rufe shi da ita, hular ba ta kai ba, ya sa a mayar da shaddar. Ya ce a kira mai fenti ya shafe, ya shafe sosai, kada ko inuwar harafi ta fito. Sannan ya juya wajen rago, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya ji, ya kuma yarda, abin da bakinsa ba zai iya ɗauka ba bai kamata ya ɗora wa ƙarfe ba. Ya tambaya to wane suna za a sa wa motar.

Rago ya ce kada ya wahalar da kansa, ya sake ta haka nan, tasha za ta raɗa mata wanda ya dace da halinta, kuma ba za a nemi rago ba.

Ba a ma kai tasha ba. Da aka zo mayar da ita rumfa wajen mai fenti aka murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Aka sake, ko tarin ba ta yi ba. Manyan baƙi suka naɗe hannun riga suka kama turi, wata mai ƙosai a bakin hanya ta ce a ba Sai-da-turi hanya ta wuce. Kafin a kai rumfa sunan ya riga motar isa, har sanƙira an ji shi yana gwada shi a kirari.

Saura rago. Alhaji ya ce jama’a sun taru, tukwane na kan wuta, ba za a sallami mutane da goro kaɗai ba. A yanka shi sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Inna. Jin haka sai ga liman ya ɓullo, murarsa ta warke, na’ibi na biye da shi, gona ta duba kanta. Rago ya ce da Zayyanu ya kwance igiyar da hannunsa. Ya ce wannan ya yarda da ita, don mutum zai tafi ba don ƙarfe ba, ya fita kunyar kakanninsa.

Zayyanu bai jira nama ba. Ya je maƙabarta aka nuna masa kabarin, ya yi abin da ya iya na addu’a, ya dawo gida. Alhaji ya aiko masa cewa ya zauna a ba shi shugabancin kanikawa. Ya ce a gaya wa Baffa ya gode, iliminsa bai wuce igiya ba, igiyar kuma ya miƙa ta. Ya shiga ɗakin Inna, ya ture tayoyi ya jawo jakarsa, ita ɗin dai guda ɗaya, ya cusa rigunansa ya ɗaure bakinta da roba. Ya leƙa ta katanga ya tambayi wani ɗan kamasho da ke wucewa ko akwai motar da ke lodin arewa. Aka tambaye shi wace iri yake so. Ya ce ko wacce, muddin ba koriya ba ce.